Wankin Gwaggo

Babana ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a Zangon Damagaram, a wani ɗan shago kusa da inda ƴan kabu-kabu suke tsayawa yanzu. Amare da alhazai da ƴan lakkol, wato ƴan makaranta, duk sun zauna gaban labulensa mai zanen teku. Shi kuwa ba shi da hoto ko ɗaya, in ban da na katin ɗan ƙasa, wanda gumi ya cinye rabin fuskar. In na ɗaga salula sai ya kare fuska da hula, ya ce, "Wannan ba hoto ba ne, ƴar nan, leƙe ne."

Da salula ta kashe sana'ar, sai ya rufe shagon, ya naɗe kyamararsa cikin tsohon rawani ya jefa ƙasan akwati.

Ana nan sai yayi ya juyo. Ƙawayena suka fara sha'awar hotuna masu launin da, kowa na tonon kayan kakansa. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya na kasuwa, abin ya shige ni ƙwarai: a ce ka ɗauki fuskar mutum, ka kulle ta cikin duhu, ka yi ta jira kamar mai jiran wasiƙa. Wata ƙawata ta kawo mini pelikil guda daga Kano, wato fim ɗin da ake sakawa cikin kyamara. Ranar da na nuna wa Baba, sai da ya shinshina shi.

Shi ya koya mini, yana tari yana faɗa. "Riƙe numfashi kafin ki danna. Talatin da shida gare ki, ba dubu ba." Na ƙarar da su kan tsofaffin soraye da duwatsu da akuyar maƙwabta. Da ya rage saura ɗaya, na roƙe shi ya bari in ɗauke shi. Ya shiga ɗaki, ya fito da farar riga, ya zauna ƙofar zaure bayan la'asar. "Yi maza kafin in sake shawara." Na riƙe numfashi na danna.

Da kansa ya naɗe pelikil ɗin ya ciro, ya bar ɗan harshen fim ɗin a waje yadda ya saba, don mai wanki ya sami abin kamawa. Ya ce kada cikinsa ya ga haske. Duk Damagaram babu sauran mai wanke irinsa, sai na saka shi a gwangwanin madara ina jiran mai zuwa Kano.

Baba bai ga ƙarshen daminar ba.

Gwaggo, yayarsa, ta zo daga ƙauyen Dogo zaman makoki. Ita ta goye shi yana jariri, kuma tunda ya shigo birni ba ta taɓa leƙa shagonsa ba. Bayan sadakar bakwai ta ce in nuna mata hotonsa. Na buɗe gwangwanin.

"Yana ciki, Gwaggo. Sai an wanke."

"To me ya hana a wanke?"

"Babu mai wankewa a garin nan."

Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da take yi wa ƴan birni masu ƙyuya. Ban ƙara bayani ba. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa wankin hoto, ban taɓa tsayawa na saurari kalmar ba.

Washegari aka aike ni kasuwa. Da na dawo, rana ta take, na tarar da ita tsakar gida gaban kwano mai kumfa, ga sabulu a gefe. A kan igiyar shanya, tsakanin zannuwan Inna, pelikil ɗina ne ke lilo, an zare shi kaf, yana ɗigar ruwa.

Cefanen ya faɗi daga hannuna.

"Sau uku na ɗauraye shi," in ji Gwaggo. "Ku yaran yanzu, ɗan wannan wankin har sai an kai Kano?" Ta sauke shi ta ɗaga wa rana, tana bin sa da yatsa. "Amma ban gan shi ba. Ko bai fita ba? Zo ki duba, ke mai sabon ido."

Na karɓa. Babu soraye, babu akuya, babu Baba, sai launin ƙasa daga farko har ƙarshe. Na buɗe baki zan yi mata ihu, sai na ga hannuwanta sun yi fari don wanki.

Can kusa da ƙarshe akwai wani tabo inda farcenta ya kankare. Na nuna mata.

"Ga shi nan, Gwaggo. Ga hularsa."

Ta matso da shi har yana taɓa hancinta. "Allah sarki, ɗan uwana. Ya rame."

Ta sa na yanke mata wurin da almakashi, ta ƙulle a haɓar zane ta koma Dogo da shi. An ce har yau tana nuna wa baƙi.

Sauran yana cikin gwangwanin. Akwai tabon ƙuna a kuncin Baba, na yarinta. Kwanan baya na zauna ina son tuna ko a dama yake ko a hagu, na kasa. Na tambayi Inna ta ce dama. Ban tabbata ba.