Tsagar Inna

Shekarar da Inna ta rasu, autata tana lise, wato babbar sakandare, ta aro wani littafin Faransanci wurin ƙawarta ta hana mu sakat da shi. Ni Faransancina na kasuwa ne da asibiti, don haka sai ta biyo ni kicin tana ba ni labarin da Hausa, ina tankaɗe tana zuba. Wai wani gari ne da hukuma ke fitar da samfurin fuska duk shekara, kowane matashi a kai shi a daidaita masa tasa, wanda tasa ta ƙi a kore shi bayan gari. Har hawaye take yi wa yarinyar cikin littafin. Na ce ta share ta miƙo mini rariya, mu da ke fama da zafin Garwa da ɗauke wuta ina muka ga ta yi wa mutanen takarda kuka. Ita kuwa mai kukan ba ta sa hotonta a waya sai ta goge ƙuraje ta ja hanci ya yi tsini.

Inna mahaifiyata ce, kuma ba ta son hoto. Tana da tsagar gado a kumatu biyu, irin ta gidan kakanninmu fatake da suka sauka nan daga ƙasar Katsina. Daga kanta aka daina. Mu ba a yi mana ba, Baba ya ce 'yan makaranta za su yi mana dariya. Duk jikan da ya ɗaga mata waya sai ta ja mayafi ta ce ba ta ga amfanin a ajiye mutum a bango ba. A bikin 'yar yayana kawai aka ci ƙarfinta. Amarya ta yi ta roƙo, ta zauna a kujera, mai hoto ya ɗauka. Ba a daɗe ba ciwonta ya tashi.

Bayan addu'ar arba'in Yaya ya bugo daga Ngawundere, ya ce a nemo hoton nan a faɗaɗa, kowa ya samu nasa. Ni ma abin da ke raina ke nan. Kundin hotunan yana gidan amarya a Pitowa, na shiga motar haya na je, an cusa mu kamar buhunan auduga.

Da na buɗe sai na wuce shafin da Inna take ban sani ba. Amarya ce ta dawo da ni ta ce ga Kaka nan. Mayafin na Inna ne, carbin nata ne, amma matar da ke ciki fara ce sol, kumatu sumul, ba tsaga ba tamoji. Na duba sauran shafukan. Duk matan bikin launinsu ɗaya, har maƙwabciyarmu Kirista 'yar ƙabilun kan dutse da ke sayar da gyaɗa, wadda baƙinta abin sha'awa ne, an wanke ta tas. Wallahi raina ya ɓaci, amma gajiya ta fi ɓacin ran yawa.

Na dawo na bi wayoyin yara ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun saci hotonta ranar bikin, sai dai wayoyinsu da kansu suke gyara fuska tun wurin ɗauka, sun kunna abin sun manta yadda ake kashe shi. Na ciro katinta na ɗan ƙasa daga jaka. Hoton bai fi babban yatsa ba, ya koɗe, ko ido da ƙyar ake gani.

Shagon mai hoton yana bayan babbar kasuwa. Saurayi ne mai ladabi, ya ba ni kujera ya juyo mini fanka. Na tambayi na asali, wanda ya ɗauka kafin ya taɓa. Ya ce ai da ya miƙa aiki yake sharewa, wuri ba ya isa. Na ce wa ya sa shi ya goge mata tsaga? Ya ce babu, haka aikin yake. Da Hausa da Fillanci da Faransanci ya yi mini bayani cewa in ya kai wa mata hoto yadda Allah ya yi su, dawo masa da shi suke yi har da zagi, a ce bai iya aiki ba. Tsofaffi ma 'ya'yansu ne ke cewa a cire musu tsagar. Ban iya yi masa faɗa ba. Ni kaina da aka turo nawa hoton bayan bikin na ga na yi haske, daɗi na ji.

Sai ya ce kada in damu, zai iya mayar mata da ita, in dai zan faɗa masa yadda take. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya rage farin, ya kawo kumatun kusa. Ya tambaye ni guda nawa ne a kowane gefe, daga ina suka tashi, ina suka tsaya.

Na lalubo wayata a jaka. Na kira Yaya. Ya ce daga gefen baki suka tashi, na ce a'a, daga ƙarƙashin ido. Ya tuna akwai ɗaya da ta karkace, wai hannun wanzami ya goce tana jaririya, a kumatun dama. Ni na rantse a hagu take. Muka yi ta musu a waya kamar yara, mai hoto yana jira da hannu a kan na'ura. Wanda zai raba mu babu, sa'o'inta duk sun riga ta.

Saurayin ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ja layuka a hankali, ya karkatar da ɗaya, ya juyo mini allon.

"Hajiya, haka take?"

Fuskar nan tun ina shan nono nake kallonta. Ni na shafa mata mai tana jinya, ni na wanke ta ranar da ta rasu. Na daɗe ina duban allon.

"Ban sani ba," na ce masa.