Takardar Indo Da ’Yar Farin Salamatou

"Waccan mai takarda ta sake dawowa."

"’Yar baduku? Jiya har haƙoran jikana ta leƙa."

"Ba ta raba hatsi, sai tambaya."

Indo ta ji su, ba ta waiwaya ba. Tun tana ƙarama aka san ta da tambaya a tsohon garin Agadas. Da aka zo neman yara na lakwal, wato makarantar boko, ita ubanta ya miƙa, ya ce ko kunnensa zai huta. Shekara shida ta yi, ta fito da Faransanci daidai na rubuta wasiƙa, ta koma taya shi rina fata.

A shekarar fari ta 1984, lokacin mulkin soji, mutanen karkara suka cika bayan gari da bukkokin tabarma. Aka aiko wani ma’aikacin gwamnati, Mushe Seydou, daga Yamai ya binciki halin yaransu: wa ke da iyaye, wa ke lakwal, wa ba shi da kowa. Marayu za a kai su gidan reno a can kudu. Shi ya ɗauki Indo aiki, da sharaɗi guda.

"Abin da aka faɗa za ki rubuta, ba abin da kike zato ba."

Haka ta yi. A wata bukka ta iske Salamatou, wadda ta taso daga Damargu da surukarta da yara huɗu. Uku matar ta lissafo da sunansu. Indo ta nuna babbar, wata ’yar shekara tara.

"Wannan fa?"

Salamatou ta dubi surukar, ta sunkuya. "Ba tawa ba ce."

"Ubanta?"

"Ya rasu."

Indo ta rubuta marainiya, ta wuce.

Ran Laraba Seydou ya ce gobe kamyo, babbar motar kaya, zai kwashi marayu sha tara, har da yarinyar. Indo ta koma don ta sanar. Ta tarar Salamatou na raba kunu; ta kira ƙananan da sunansu ɗaya bayan ɗaya, babbar kuwa sai ta tura mata ƙwarya ba ta dube ta ba, ta ce, "Ke, ungo." Ƙwaryar ta fi ta kowa cika. Indo ta tsaya tana kallo. Haka uwarta take yi wa babban wanta. Har ya yi gemu ba ta taɓa kama sunansa ba. Ashe yarinyar ’yar farin Salamatou ce. Kunya ta hana uwar amsa ta a gaban suruka.

Indo ta ruga wurin Seydou.

"Mushe, takardata ta yi ƙarya."

"Ke kika rubuta."

"Abin da aka faɗa na rubuta."

Ya shafa kai. Kumandan mai mulkin garin ya riga ya sa hannu, ya ce, ba a goge suna sai da shaida a gabansa. Indo ta san ko kamyon na tsaye a bakin bukka, Salamatou sai dai ta yi kuka, bakinta ba zai faɗa ba. Ta tambayi Seydou marayu nawa ne manyan ɗakinsu. Ya duba, ya ce bakwai.

Ta fara da bukkar Salamatou. Ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Inna, ita ba za ta iya ba, ke kuwa ba kunya tsakaninki da jika. Ki ɗauko sandarki mu je wurin Kumandan, ki faɗa masa wadda ta haifi yarinyar nan."