Zanen da Ottmar Vehling Ya Nema Har Ya Mutu

Haihuwa da karatu

An haifi Ottmar Vehling a garin Soest a shekarar 1896. Mahaifinsa Gottlieb kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa Adelheid. Bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya tafi Düsseldorf koyon zane, inda ya daina zana mutane da itatuwa, ya koma ga launi da layi zalla, waɗanda ba sa kama da komai.

Aure da iyali

A shekarar 1924 ya auri Irmgard, 'yar wani mai sana'ar manna takardar ado a bangon ɗakuna, wadda ta tashi tana taya mahaifinta aiki. Suka haifi 'ya'ya biyu. Ottmar mutum ne mai surutu, musamman idan ya zauna da abokai a gidan giya.

Shekarun haramci

A shekarar 1937 hukuma ta haramta irin zanensa. Jami'ai sukan shigo gida suna shinshina ɗaki, suna taɓa buroshinsa don su ji ko da danshin fenti. Sai ya koma fentin ruwa, wanda ba ya wari, yana zane a takarda yana ɓoyewa ƙarƙashin katakon daɓe. Da kaka a shekarar 1938 ya dawo daga wata tafiya, ya tarar Irmgard ta sabunta takardar bangon ɗakin kwana, maɓoyarsa kuwa wayam.

"Ina zanena?"

"Murhu ya cinye," in ji ta. "Kai da bakinka ba ya riƙe ko miyau? Kofin giya biyu, duk Soest ta ji."

"Ƙarya kike yi. Kuno kika ba wa."

Kuno yayanta ne, kuma ɗan jam'iyya mai mulki. Ottmar ya tone tokar murhu bai ga alama ba. Da jami'ai suka zo bincike suka fita hannu rabbana, sai zarginsa ya ƙaru, domin a ganinsa sun riga sun samu abin da suke nema. Tun daga nan ya daina cin abinci tare da ita. Irmgard ba ta sake zancen ba har ta rasu da ciwon huhu a shekarar 1944.

Bayan yaƙi

Daga shekarar 1948 ya yi suna, aka baje zanensa a manyan birane. Amma duk inda ya ji ana gwanjon zane sai ya je ya duba, yana jiran ranar da nasa za su fito daga hannun Kuno. Ba su taɓa fitowa ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Maris na 1967, a kan gadonsa, a ɗakin kwanan nan da Irmgard ta sabunta wa takardar bango. Bisa wasiyyarsa, an binne shi a ƙarshen maƙabarta, nesa da kabarin matarsa. Da bazara 'yarsa ta fara ɓare tsohuwar takardar bangon ɗakin don gyaran gida, sai ga zanen nan jere a ƙarƙashi, an shimfiɗe su da kyau, ko ɗaya bai yage ba.

Ya bar 'ya'ya biyu: Dietrich, likitan dabbobi a Münster, da Renate, wadda ta nemi izini aka mayar da gawarsa kusa da kabarin Irmgard.