Aljihuna Ya Ƙara Iyaka

Jama'a, yau aljihuna ya kusa kashe mini ciniki!

Ni dillali ne, fili ɗaya ne a hannuna, hanyar Tirmini, kusurwa huɗu, mai saye guda. Na zana shi a taswirar salula, wadda in ka ja ɗigo da yatsa sai iyaka ta bi. Na jefa salular aljihu ban kulle ba, na hau moto.

A unguwar Kara-Kara na miƙa wa Alhaji mai sayen salular. Ashe a aljihu kusurwa ɗaya ta miƙe ta shigo gari, ta haɗiye gidansa!

Ya ɓata rai: "Malam, har gidana za ka sayar mini?"

Na ce, "Alhaji, gyara na yi maka."

Dariya har hularsa ta faɗi! Ya saya.

La'ada ta shigo, aljihu kuwa na sallame shi daga aiki.