Injiniya Sabi'u ya dawo min da turmina

Da safen nan labarin ya iso min. Injiniya Sabi'u, maƙwabcinmu a unguwar Abu Hamour a nan Doha, ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya je Sanaiya, unguwar masana'antu, sayen fenti ne, ya faɗi a bakin shago. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An yi masa sutura bayan la'asar.

Masu kira daga gida suna tambaya: maigidana Alhaji lafiya, sai hawan jininsa da ya motsa. 'Yata Rukayya lafiya. Matar marigayi tana nan, mata na tare da ita. Ɗana Nasiru ne ba lafiya ba. Tun da aka dawo daga maƙabarta yana garejin Injiniya, bai sa komai a bakinsa ba.

Waɗanda suka san mu lokacin kullen korona sun san abin da ya samu ɗana. Jami'a ta koma cikin waya, Nasiru ya rufe ƙofa. Ba ya magana, ba ya wanka, in kai abinci in ɗauko shi yadda na ajiye. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi addu'a.

Sai wata rana Injiniya ya ƙwanƙwasa, da takunkumi a fuska.

"Maman Nasiru, turminki na zo aro. Kuma ki ce wa wancan malalacin ya ɗauko min, bayana ba ya so."

Ƙarya yake yi, bayansa lafiya lau. Amma Nasiru ya fito.

Ashe katako yake haɗawa na zamiya a kan dusar ƙanƙara. A ƙasar sanyi ya yi karatu, abin ya zauna masa a rai. A Doha, inda ko takalmi narkewa yake yi a kan kwalta. Falle-fallen katako marasa kauri suke shafe wa gam, su jera, su ɗora bakin a cikin turmina da suka kwantar, su danne da buhunan shinkafa har ya lanƙwashe ya bushe a haka. Na farko ya tsage. Na biyu ya karkace. Dutsen gugata ma sun kashe shi wajen narka kyandir a ƙasan katakon. Ban yi musu faɗa ba, don ranar na ji dariyar Nasiru ta katanga.

Da suka gama na uku na je gani. Na duba sama da ƙasa, babu inda ake ɗaure ƙafa. Roba kawai suka manna, da igiya ɗaya.

Na ce, "Injiniya, kashe min ɗa za ka yi?"

Ya ce, "Hajiya, wanda aka ɗaure ƙafarsa, in ya faɗi da katakon yake juyawa. Wannan in ya faɗi, faɗuwa ce kawai. Ya kakkaɓe ya tashi."

Ban yarda ba. Har yau ban gama yarda ba. Sun gwada a tudun yashi, Nasiru ya dawo da yashi har cikin kunne da ƙujewa a gwiwa.

Ni da girmana na koyi karatu. Kowa saƙon murya yake turo min don sauƙi. Injiniya kaɗai ke rubuto min, gajere, ya jira in amsa komai daɗewa. Bai taɓa gyara min kuskure ba. Da ba don shi ba, da wani na sa ya rubuta muku wannan.

Alkawarinsu shi ne su kai katakon kan dusar gaske. Korona ta hana. Aka buɗe hanya, aikin Kofin Duniya ya hana Injiniya hutu. Yanzu da baƙi suka watse suka sa rana, Juma'ar nan, duwatsun Turkiyya.

Shekaranjiya ya dawo min da turmin, a wanke, da tabon gam a gefe. Na nuna masa tabon.

Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, an ci ni tara. Saura ki ba ni aron Nasiru mako ɗaya. Zan dawo miki da shi kamar yadda na dawo da wannan, sai dai ɗan tabo."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu na kai wa Nasiru shayi. Yana zaune, katakon a cinyarsa, yana goge shi da tsumma. Bai ɗago ba ya ce, "Umma, zan je. Ko ni kaɗai."

Bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba.

Fasfo ɗinsa yana cikin durowata. Alhaji ya ce ya bar min hukunci. In na hana shi, na san ɗakin da zai koma, na san ƙarar wannan ƙofar. In na bar shi shi kaɗai, ban san dutsen ba, ban san sanyin ba.

Allah Ya gafarta wa Injiniya Sabi'u, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa abin da ya yi wa gidana, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Kuma na san a cikin abokansa akwai waɗanda suka hau duwatsun nan tare da shi. Shi ya ce zai dawo min da ɗana. Ina neman mutum ɗaya da zai cika masa wannan magana. A rubuto min kafin Alhamis, zan karanta da kaina.