Baffa Ba Ya Tsayawa a Bayan Ƙanensa

Shekarar da Bature ya zo Jakara da akwatin ɗaukar murya, babana ya riga ya fara tarin da ya tafi da shi. Shi ne mawaƙinmu, ni da ƙanena muna amshi, wansa Baffa yana kalangu. Ba abin da nake so irin a kama muryar nan kafin ta ƙare.

Akwatin yana da wani ƙaton mazurari da ake waƙa a bakinsa. Tafintan Baturen ya ce faifai uku kacal suka rage, kuma mai waƙa ne zai tsaya gaba, mai kiɗa can baya.

Baffa ya ce, "Bayan wa? Yaron da na goya?"

Yaron nan fa, wato babana, furfura har gira.

Ya shige gaba ya kafa kalangu a bakin mazurari. Da aka juya mana faifan, kiɗa ne zalla, sai tarin Baba sau ɗaya. A na biyu aka jera su kafaɗa da kafaɗa. Baffa ya dinga matsawa taku ɗaɗɗaya don kada a ce sun yi daidai, har ya ture akwatin. Wallahi ranar na ji kamar in fasa kalangun nan a kansa, Allah ya yafe mini.

Saura ɗaya. Sai Baba ya ce a hankali, "Yaya, ai gaba wajen ƙofa ne. Wuce ka ja mu."

Baffa ya gyara hula ya tafi bakin zaure, ya fuskanci titi, ya ba mu baya. Muka yi layi a bayansa, Baba a can ƙarshe, sannan muka juya a ɓoye muka fuskanci mazurari. Waƙa ta ɗauku tsaf. Da yake Baffa bai ga an ɗaga hannu a tsaya ba, shi kaɗai ya yi ta yi wa awakin unguwa kiɗa har la'asar. Ba wanda ya iya gaya masa.

Baba ya rasu da damina. Faifan bai iso ba sai bayan shekara, muka je gidan wani ɗan kasuwa a Mandawari mai garmaho, akwatin da ake jin faifai da shi. Aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a gaba. Da muryar Baba ta fito, sai ya tashi ya ja tabarmarsa, ya zagaya bayan akwatin ya zauna.

Ya ce, "Ku bar yaron ya wuce gaba."