Bangon Kaka Azumi

Ranar Asabar ta farko bayan girbin dawa, shekarar da na shiga aji uku, Kaka Azumi ta tara mu jikokinta a gidanmu na Dapaong don yaɓen bangon ɗakinta. Launi uku kawai take aiki da su: jar ƙasa da muke ɗebowa a bakin kududdufi, farar ƙasa, da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi duhu. Da tafin hannu take shafawa. Ja ta shimfiɗa shi a ƙasa, baƙi ta tsaga shi a karkace, fari ta watsa sama kamar mai ba kaji tsaba. Babu bishiya, babu bukka, amma duk mutumin Nano, garin su Kaka, da ya shigo sai ya tsaya kallo, don dutsen garinsu yake gani bayan an ƙone daji. Tun da aure ya kawo ta ba ta sake zama can ba, a bangon nan take ganin gida. Idonta ya fara hazo, ta ce wannan ne na ƙarshe.

Ko wata ba a yi ba sai ga autanta, Baffa Salifu, daga Sokode, da takalmi mai ƙara da gwangwanin shuɗin fenti. Mutumin da ko turken akuya bai taɓa kafawa a gidan ba, wai abokan ofis za su zo sunan ɗansa, ba zai bari su ga wannan dagwalon ba. Na raina shi a ranar, har gobe kuma ban fasa ba. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Salifu, bar min shi, ba zan iya wani ba." Ya yi dariya ya ce, "Iya, gyara miki zan yi." Ya shafe bangon kaf da shuɗin fenti.

Baƙin nasa suka ci tuwo a zaure suka tafi, ko leƙa ɗakin ba su yi ba. Fentin mai kuwa ba ya zama a bangon ƙasa, abin da kowace yarinya a unguwar ta sani. Damina na zuwa ya kumbura ya ɓare, ya tafi da yaɓen da ke ƙarƙashinsa. Kaka ta juya tabarmarta tana fuskantar ƙofa, haka ta zauna har ta rasu.

Yanzu a Sokode nake, kowane bango siminti ne da fentin kanti, launi sai wanda ka zaɓa. Baffa ya tsufa, har yau yana faɗa wa mutane yadda ya gyara wa uwarsa ɗaki. Ni dai na san ya raba ta da garinsu karo na biyu.